Oregano da mura: da gaske yana magani, ko daddoyar bayan gida ta isa?

Maman Sadiq (Agege): Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah ina da tambaya ga masu sani. Ƙanwar maigidana ta turo min wani bidiyo, wata mata tana ta rantsuwa wai ganyen oregano da mansa suna korar mura cikin kwana ɗaya, sun fi duk ƙwayoyin kemis. Tun da ruwan nan ya kankama kowa a gidanmu atishawa yake, daga ni har yara. Na ga busasshen ganyen a wani babban kanti a Ikeja, cikin 'yar kwalba, kusa da kori da tayim. Shi ne ake nufi? Kuma yaya ake haɗa shi? Sadiq shekararsa huɗu, ƙanwarsa wata tara.

Hajiya Binta (Idi-Araba): Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu da fama 'yata, Allah ya kawo sauƙi. Ni dai abin da na tashi na ga iyayena suna yi, na yi wa 'ya'yana, yanzu nake yi wa jikoki, shi ne ɗanyar citta, kanumfari, ɗan masoro, a tafasa, a matsa lemun tsami, a zuba zuma. In akwai daddoya a jefa ganye kaɗan. A sha da ɗumi safe da dare, a rufe ƙirji, a bar ruwan firji. Ba sai kin hau mota zuwa Ikeja ba, duk suna nan kasuwar Agege a ƙofar gidanki.

Anti Zainab (nas): Hajiya barka da dare. Haɗin nan naki yana da kyau ga manya, har da Sadiq in an rage masa yajin. Amma Maman Sadiq, don girman Allah kada zuma ta shiga bakin 'yar wata taran nan. Yaron da bai cika shekara ɗaya ba ba a ba shi zuma ko da lasa ce. Takan zo da ƙwayoyin wata cuta da hanjin jariri bai yi ƙwarin yaƙarsu ba tukuna, in kuma suka kama shi jikinsa saki yake yi, ya kasa kama nono, har numfashi ya nemi gagararsa. Ita ki yawaita ba ta nono kawai. In hancin ya toshe, ki sayi ruwan gishirin hanci na yara a kemis ki ɗiga mata kafin ta sha.

Hajiya Binta (Idi-Araba): Ikon Allah. Mu a zamaninmu har ranar suna ana lasa wa jariri.

Anti Zainab (nas): Ana yi Hajiya, kuma da yawansu ba abin da ya same su. Amma wanda abin ya faɗa wa, ciwon ba na wasa ba ne. Watanni uku kawai suka rage mata, ta haƙura.

Umar (Obalende): Maman Sadiq, wanda kika gani ɗin shi ne. Ni a kicin nake aiki a wani gidan abinci a Victoria Island, kullum hannuna yana cikinsa. Shi ne ake barbaɗawa a kan fiza da miyar taliya irin ta Italiyawa. Asalinsa ƙasashen bakin Bahar Rum ne, Girka, Turkiyya, Italiya, can yake fitowa a kan tsaunuka. Dangi ɗaya suke da na'a-na'a da tayim da daddoya, shi ya sa in kika murza shi za ki ji ƙamshin ya yi kusa da na tayim, sai dai ya fi ƙarfi kuma da ɗan ɗaci. In shayinsa kike so, ƙaramin cokali ɗaya a kofin tafasasshen ruwa, ki rufe da faranti minti biyar zuwa goma, ki tace. Rufewar nan kada ki bar ta, domin ƙamshin tururi yake bi ya tafi. Batun ko yana magani kuwa, wannan na bar wa su Malam Auwal.

Alhaji Sani (Mile 12): Ku bar maganar ganye, man shi ne mai aiki. Wani abokin kasuwancina ya kawo min daga Dubai. Hunturun bara mura ta kwantar da ni bayan mun sauke motar albasa da asuba cikin raɓa, na ɗiga shi a ruwa na sha, ya ƙona min maƙogwaro ba kaɗan ba, amma kafin sati ya zagayo na koma kasuwa. Gani ya kori ji. Ni na sha, ni na warke.

Malam Auwal (mai harhaɗa magunguna, Yaba): Ranka ya daɗe Alhaji, ban musa cewa ka sha ba, ban kuma musa cewa ka warke ba. Sai dai mura ta yau da kullum, a sha magani ko kar a sha, tsakanin kwana 7 zuwa 10 take tafiya da kanta, sai ɗan tarin da kan yi saura har ya kai sati uku. Da ka miƙe kafin sati, lokacin tafiyarta ne ya yi. Shi ya sa kusan duk abin da mutum ya sha don mura yake samun mai yi masa shaida: jiki ne ya yi aikin, abin da aka sha a ranar shi ke karɓar godiyar.

Ba wai oregano fanko ba ne. A cikin mansa akwai sinadarai biyu masu ƙarfi, karbakurol da taimol, kuma a nagartaccen mai karbakurol ɗin kan fi rabi. In aka ɗiga man a kan bakteriya cikin faranti a ɗakin bincike yana kashe da yawa, har wasu nau'o'in bairas an ga ya raunana su. Daga nan masu talla suka ɗauko maganarsu. Abin da ba sa faɗa shi ne faranti daban, jikin mutum daban. Gishiri ma yana hana nama ruɓewa, amma ba wanda ya kori mura da tandar gishiri. Bairas ɗin mura, wanda ire-irensa sun haura 200, yana shiga ne can cikin naman hanci da maƙogwaro ya ɓuya yana hayayyafa. Abin da ka haɗiya kuwa ciki yake wucewa, hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta fitar. Ɗan abin da zai kai hanci bai taka kara ya karya ba. Har yau babu wani gwaji mai ƙarfi a kan mutane da ya nuna man oregano yana rage kwanakin mura.

Ƙonar da ka ji a maƙogwaro kuma ba alamar yana aiki ba ce, Alhaji. Ƙuna ce ta gaske. Man in tsantsarsa ne yana iya saɓule fatar baki.

Malam Habibu (Alaba Rago): Malam Auwal, wannan ita ce maganarku kullum. Duk abin da bai fito daga kwali da rubutun Turanci ba sai ku ce babu hujja. Shekara nawa Larabawan Sham suna cin za'atar da man zaitun da burodi da safe, suna dafa shi in sanyi ya kama su? Alhazanmu suna sayo shi a Makka da Madina, kuma ɗan'uwan wannan ganyen ne. Duk waɗannan al'ummomin ba su san abin da suke yi ba sai ku? Ya tabbata a hadisi cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Ina ake so maganin ya kasance in ba a tsirran da Ya halitta ba?

Malam Auwal (mai harhaɗa magunguna, Yaba): Allah ya gafarta Malam, ni ba na raina tsiro, da shi nake cin abinci. Maganin zazzaɓin cizon sauro da duk muke sha yau daga wani ganye aka ciro shi, ɗan'uwan tazargade, wanda mutanen Sin suka daɗe suna jiƙawa don zazzaɓi. Wata mata ce, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka fitar da sinadarin a farkon shekarun 1970, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Amma kafin ya zama magani sai da aka gwada shi a kan marasa lafiya, aka ga ƙwayar cutar tana ɓacewa daga jininsu, aka san adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa. Wannan matakin ne oregano bai tsallake ba a kan mura. Su Larabawan da ka ambata ganyen suke ci a abinci, su sha shayinsa, ni ma ban hana wannan ba. Ruwan ɗumi mai ƙamshi yana sanyaya maƙogwaro, yana sassauta majina, mutum ya samu ya yi barci. Wannan amfani ne. Rigimata da mai cewa yana kashe mura cikin kwana ɗaya, da mai sayar wa talaka 'yar kwalbar mai da kuɗin cefanen sati.

Malam Habibu (Alaba Rago): To ai ka zo inda nake. Talakan da kake magana ba shi da kuɗin kemis ɗin naku. Ka san yadda magani ya yi tsada a garin nan tun da dala ta tashi. Mai tura baro a Alaba in mura ta kama shi me kake so ya yi?

Anti Zainab (nas): Malam, a nan kam ina bayanka, kuma na san Malam Auwal ma haka. Mura ba ta buƙatar kemis sosai. Hutu, ruwa mai yawa, abin ɗumi, farasitamol in akwai ciwon kai ko jiki. Abin da yake ci min rai shi ne mutanenmu da zarar hanci ya fara zuba sai a aiki yaro ya sayo kafso ja da yalo ko amfikulos, a sha kwana biyu a ajiye. Waɗannan bakteriya suke kashewa, ba ruwansu da bairas ɗin mura. Kuɗi ya tafi a banza, ciki ya lalace, kuma ranar da ciwon gaske ya zo maganin ya ƙi ci saboda ƙwayoyin cutar sun saba da shi. Wallahi da mutum ya yi haka gara ya sha shayin Hajiya sau goma.

Malam Habibu (Alaba Rago): Wannan gaskiya ne. Ni ma ina hana masu zuwa wurina haɗa kafso barkatai.

Bilkisu (Yaba): Don Allah ku tsaya, ni kun ruɗa ni. Maƙwabciyata ta ba ni wani tsiro a tukunya ta ce oregano ne. Amma ganyensa fato-fato ne, mai kauri da ɗan gashi-gashi, in ka karya shi ruwa yake fitarwa. Bai yi kama da ɗan ƙanƙanin ganyen da Yaya Umar yake faɗa ba ko kaɗan.

Umar (Obalende): Ba shi ba ne, ƙanwata. Wancan wani tsiro ne daban, duk da dai gidansu ɗaya. Mutanen Indiya da na tsibiran Karibiyan suna shuka shi sosai, kuma ya fi son zafi da danshi irin na Legas, reshe kawai za ki karya ki soka a ƙasa ya kama. Na Bahar Rum ɗin ganyensa ƙanana ne, kuma ba ya son ƙasa mai riƙe ruwa, damina ɗaya a nan sai saiwarsa ta ruɓe in ba a kula ba. Naki yana daɗi a farfesun kifi, amma ganye ɗaya ya isa tukunya.

Malam Auwal (mai harhaɗa magunguna, Yaba): Shi ma yana da karbakurol, shi ya sa ƙamshin ya zo ɗaya. Ganye ɗaya ko biyu a shayi ba laifi ga babba mai lafiya. Tun da an zo nan, shi kansa busasshen na kwalba ba kullum ne tsantsa ba. A 2015 an gwada samfura 78 da aka sayo a Birtaniya da Ailan, aka samu 19 an cakuɗa su da wasu ganyaye, yawanci na zaitun. In a can da ake sa ido sosai an samu haka, sai mutum ya yi tunanin wanda aka ƙulla a leda ba suna ba adireshi.

Hajiya Binta (Idi-Araba): Kun ji ko? Shi ya sa nake cewa daddoya. Ganye ɗanye, ki gan shi da idonki, ki shinshina da hancinki, ba mai cakuɗa miki komai. Ki je wurin matan Yarbawa masu ganye ki ce efirin, za su ƙulla miki na kuɗi kaɗan. Ni a tsohon bokitin fenti na shuka tawa a bayan ɗaki, ba ta taɓa yanke min ba, rani da damina. Abin da ke ba ni mamaki da yaran yanzu, abu yana ƙofar gidanku kuna tsallake shi, sai wata ta fito a waya ta kira sunan na ƙasar waje sannan ya zama magani.

Malam Auwal (mai harhaɗa magunguna, Yaba): Hajiya ta yi gaskiya, kuma ba don daɗin baki na faɗa ba. Daddoya tana da taimol ɗin nan da ake yabon oregano saboda shi, tana kuma da irin sinadarin da ke cikin kanumfari. Duk sauƙin da shayin oregano zai ba mai mura, shayin daddoya da citta zai ba shi. Ita ma dai ba ta kashe bairas, kada a ce na ce.

Hajiya Binta (Idi-Araba): Kai dai ba ka taɓa ba mutum gaskiyarsa cikakkiya, Auwalu. Allah ya shirye ka.

Amaryar Nura (Ketu): Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ina da juna biyu, wata biyar, kuma murar nan ta kama ni. Zan iya sha?

Anti Zainab (nas): Wa alaikis salam, Allah ya raba lafiya. Ɗan abin da aka barbaɗa a abinci ba komai. Amma man, ko mai laushi ne na ƙwaya ko na ɗigawa, kada ki kusance shi, haka ma shayi mai kauri da za a riƙa sha kofi-kofi. Mai ciki da mai shayarwa ana hana su yawansa. Ki tsaya a ruwan ɗumi da lemun tsami da zuma, ɗan citta kaɗan. In kuma jikinki ya yi zafi kada ki ce mura ce ki kwanta, ki je inda kike awo a duba jininki a ranar. Zazzaɓin cizon sauro ga mai ciki ba a kwana da shi.

Baba Ɗanladi (Ijora): Ni fa da nake shan maganin suga da na hawan jini, ga kuma ƙwayar tsinka jini da likita ya ɗora ni a kai tun da na yi ciwon ƙafa? Yaran nan sun so su sayo min man.

Malam Auwal (mai harhaɗa magunguna, Yaba): Baba ka ce su bar shi. Ana gargaɗin masu shan maganin tsinka jini a kan man oregano saboda gudun zubar jini, haka masu maganin suga saboda kada sugan ya faɗi fiye da kima. Kuma ka kula da ƙwayoyin mura na kemis masu buɗe hanci, da yawansu suna ɗaga hawan jini. Sannan da yawansu akwai farasitamol a ciki, sai mutum ya sha su ya ƙara da wani farasitamol ɗin daban, bai san ya ninka ba. Babba ba ya wuce giram 4 a yini, hanta ce ke biyan bashin. Duk abin da za ka saya, ka nuna wa mai kemis ƙwayoyinka na kullum tukuna.

Hajiya Binta (Idi-Araba): To shi Baba ya yi sirace mana. A tafasa daddoya da ganyen lemun tsami da ɗan man zafi, ya lulluɓa da bargo. Sadiq ma uwarsa ta rungume shi su shiga tare, hancin nan take zai buɗe.

Anti Zainab (nas): Baba in yana so ya yi, a zaune, tukunyar a ƙasa inda ba za ta kife ba, kuma kada ya kai fuska kusa. Amma Sadiq a'a, Hajiya, ki yi haƙuri. Lokacin korona, tun da aka samu mutum na farko a nan Legas a ƙarshen Fabrairun 2020, kowane gida sirace ake yi, kuma na wanke ƙunar yara da hannuna waɗanda suka ture tukunya a ƙarƙashin bargo. Yaro ya ji zafi zai zabura, ruwan kuma a cinya da ciki yake sauka. Buɗewar hancin na ɗan lokaci ne, tabon ƙuna kuwa har girma. Kuma kada wanda ya ɗiga man oregano a ruwan sirace ko a hanci ko a kunne, yana ƙona ido da hanci, mai asma kuma yana iya tayar masa da ita.

Alhaji Sani (Mile 12): Ku dai ku yi ta faɗa. Ni kwalbata tana nan a aljihun mota, kuma in mura ta dawo zan sha.

Malam Auwal (mai harhaɗa magunguna, Yaba): Jikinka ne Alhaji, kuma kai babba ne. Abu kaɗan nake roƙo. Ka karanta jikin kwalbar. Iri biyu ne: akwai wanda aka sirka da man zaitun don sha, akwai tsantsa wanda aka yi don ƙamshi, shi wannan ba a haɗiyarsa sam. Yadda ka ce ya ƙona ka, ina zargin na biyun ne a hannunka. In a nan za ka sake saya ka duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ka kuma sani lambar da suke ba kayan ganye tana nufin an duba ba ya cutarwa in an bi ƙa'ida, ba ta nufin sun tabbatar da duk abin da mai talla ya ce yana warkarwa. Kuma don Allah kada ka ba yaran shagonka ko na gida.

Alhaji Sani (Mile 12): Yara kam ba na ba su. Zan duba rubutun.

Maman Sadiq (Agege): Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Daddoyar zan nema da safe. Amma Anti Zainab, yaya zan gane in abin ya wuce mura? Yarinyar ce ta fi damuna.

Anti Zainab (nas): Yawwa, wannan ita ce tambayar da na fi so a yi. Mura a hankali take zuwa: ƙaiƙayin maƙogwaro, atishawa, majina, yaro yana wasansa yana cin abincinsa ko da ya rage. Fulu kuwa, wato mura mai tsanani, farat ɗaya take buge mutum, zazzaɓi mai zafi, ciwon gaɓoɓi, kasala har ya kasa tashi. Ita tana da maganinta na asibiti, amma ya fi aiki in an fara cikin awa 48, kuma tsofaffi, masu ciki, masu suga da masu asma su ne aka fi ji wa tsoro. Matsalarmu a nan, fulu da zazzaɓin cizon sauro kamarsu ɗaya a ranar farko. Ga kwatoci cike da ruwa a Agege da Ijora da ko'ina a wannan damina. Don haka duk zazzaɓi a yi gwajin jini, na tsinken nan da ake ɗiga jini minti 15 zuwa 20 ya fito, kafin a ce mura ce.

Ita yarinyar, in tana kwance shiru ki ɗaga rigarta ki ƙirga numfashinta na minti ɗaya cur da agogon waya. Daga wata 2 zuwa 11, in ya kai 50 ko fiye, ya yi sauri. Sadiq, mai shekara tsakanin 1 da 5, in ya kai 40. In kuma kika ga ƙasan haƙarƙarinta yana faɗawa ciki duk sanda ta ja numfashi, ko ta ƙi nono, ko tana amayar da komai, ko barci ya yi mata nauyi ba ta farkawa da kyau, ko jijjiga, ki ɗauke ta ko tsakar dare ne. Wannan nimoniya ce, wato ciwon huhu, ko abin da ya fi ta, ba a yi musu shayi.

Sannan ku da kuke zuwa gida kuna dawowa, kada ku manta da mashaƙo. Tun ƙarshen 2022 ya ɓarke, Kano ta fi shan wahala, Legas ma an samu. Yaro mai ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, ga wani farin abu ya lulluɓe can cikin maƙogwaron, asibiti kai tsaye, kuma a duba katin rigakafinsa.

Umar (Obalende): Anti ni abin da ban gane ba, in bairas ne ba sanyi ba, me ya sa da ruwa ya doke ni a hanya sai na tashi da mura?

Anti Zainab (nas): Ruwan ba shi ke ɗauke da ita ba, Umar. Amma ka tuna me kake yi in ana ruwa: ka cusa cikin danfo an rufe tagogi, mutum goma sha ana shaƙar numfashin juna, ka riƙe ƙarfen da mai mura ya riƙe ka shafa hanci. A ɗaki ma a rufe ko'ina. Sanyi da busasshiyar iskar hunturu suna iya rage ƙarfin hanci, shi ya sa Hajiya ba ta yi laifi ba da ta ce a rufe jiki, amma sai ƙwayar ta samu shiga tukuna. Wani kuma abin da yake kira mura ba mura ba ce, hayaƙin janareta ne da na maganin sauro na kunnawa da funfunar bango mai danshi suke sa shi atishawa wata da watanni. Shi wannan ko gonar oregano ya shanye sai ya gyara ɗakin.

Musa (Apapa): Ku gafarce ni na shigo a makare, muna layin ɗaukar kaya ne. Na karanta duka. Akwai yaron motata da muke kwana wuri ɗaya, tarinsa ya fi wata, duk abin da aka ambata a nan ya sha, citta, zuma, habbatus sauda, har maganin tari na kwalba. Yanzu ya rame, da dare gumi yake yi sharkaf ko ana sanyi. Dama niyyata in saya masa man nan da Alhaji ya faɗa.

Malam Habibu (Alaba Rago): A'a Musa, wannan ba na mai ba ne. Ni da nake sayar da irin kayan nan nake gaya maka, ka kai shi asibiti.

Anti Zainab (nas): Malam ya faɗa maka. Duk tarin da ya wuce sati biyu, ballantana da rama da gumin dare, tarin fuka ake fara nema, wato tibi. Gwajin majina ne, kuma gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati masu kula da tibi, akwai su a manyan asibitocin gwamnati da wasu asibitocin sha-ka-tafi na ƙananan hukumomi. In an same shi ana warkewa sarai, amma wata shida ake shan magani ba fashi, ko ya ji sauƙi a wata na biyu kada ya daina. Kai ma da kuke kwana tare ka ce a duba ka, da duk wanda ke shiga gaban motar nan. Kafin nan ya riƙa rufe baki in zai yi tari, ku bar gilashi a buɗe.

Musa (Apapa): To Anti. Ba shi da katin asibiti ko ɗaya a garin nan, daga Funtuwa na taho da shi. Za su karɓe shi? Kuma gobe Asabar.

Anti Zainab (nas): Za su karɓe shi, a can za a buɗe masa kati. Ku bari sai Litinin ku je da sassafe, ka ce wurin gwajin tibi kuke nema. Amma in ya yi tarin jini ko numfashi ya yi masa wuya kafin nan, kada ku jira, ku tafi sashen gaggawa. In kuma tafiya Arewa ta taso bayan ya fara magani, ku gaya musu kafin ku tashi, za su rubuta masa takardar da zai ci gaba da karɓa a Funtuwa.